Rasuwar Birkin da Yake Yi Mini Sallama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan cunkoson safiya rasuwar birkin gaban motata: takalman nan da makanikai ke kira fad, tare da fayafayan ƙarfen da suke damƙewa. Sun tafi tare, kamar yadda suka rayu, manne da juna.

Marigayin mai haƙuri ne. Kullum taka shi nake yi, bai taɓa ramawa ba. Ya raba ni da akuyoyi, ya raba ni da masu babur da ke shigowa ba sigina, ya riƙe ni a gangaren gada ranar da ruwan sama ya rufe gilashi. Na karanta labaran masoya da yawa, ban ga wanda ya yarda ya ƙare a hankali don wani ya isa ofis lafiya ba sai shi.

Amma abin da za a fi tunawa da shi muryarsa ce. Tun daminar bara ya fara wani siririn kuka in na taka shi: ƙiiii. A kwanar layinmu akwai gida mai koren ƙyaure, a cikinsa akwai wata mai aiki a kantin magani kusa da ofishinmu, wadda nake rage wa hanya. Ban taɓa yi mata hon ba, kunya ba ta bari. Birkin ne yake sallama. Da ya ce ƙiiii, labule zai motsa, ta fito tana gyara jaka tana dariya.

"Malam Direba, Umma ta ce in gaya maka motarka ta fi ka baki."

Gaskiya Umma ta faɗa. Duk abin da na shirya da dare zan faɗa mata, in ta rufe ƙofar mota sai ya koma, "Kin tashi lafiya?" Daga nan sai rediyo. Nakan taka birki ko babu kowa a gabana, don ya faɗa a madadina.

Sai aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari. Ranar da na sauke ta ta ƙarshe, cewa na yi, "Allah ya ba da sa'a." Shi ke nan abin da mutumin da ya cika ɗakinsa da littattafai ya iya.

Daga nan jinya ta yi tsanani. Kowace safiya muna tsayawa a koren ƙyaure, ni da shi, ya yi sallama, labule bai motsa ba, mu wuce. Muryarsa ta dushe, ƙiiii ya koma gurrr. Sitiyari ya kama kyarma. Yayata ta shiga motar sau ɗaya, ta sauka a hanya tana cewa, "Ƙanena, in kai ka gaji da duniya, ni ina da yara." Ranar Talata a shataletale na taka, bai amsa ba sai da hancin motar ya sumbaci kurar mai kankana. Babu wanda ya ji ciwo sai kankana.

A gareji makaniki ya cire taya, ya leƙa, ya juyo ya dube ni.

"Tun yaushe yake kuka?"

Na gaya masa. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar farce a gefen takalmin.

"Wannan don ya yi ƙara aka sa shi, ɗana. Cewa yake a canza shi. Kai me ka ɗauka yake cewa?"

Ya ce faifan ya yi siriri, ko an kai inji ba zai feru ba, sabo za a saka. Sannan ya jera mini kwali biyu na sababbin takalman birki a kan bonet ɗin motar. Ɗaya mai haɗin ƙarfe, yana fid da ƙura, yana ɗan kuka da sanyin safiya. Ɗaya na tangaran, mai tsafta, ko uffan ba ya cewa. Hannuna ya tafi kan mai kukan da kansa. Na daɗe a tsaye, mutane na shige da fice, har makanikin ya ce in ba saye zan yi ba in ba shi bonet ɗinsa. Na ɗauki mara magana.

Marigayin ya bar birkin baya, wanda shi ma ba lafiya ce ta ishe shi ba, da birkin hannu, tsoho mai tsayawa in ya ga dama, da kujerar gaba, wadda har yanzu take a matse yadda ta gyara ta daidai tsawonta, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. An riga an shirya shi a cikin kwalin magajinsa. Daga gareji za a kai shi makwancinsa wajen mai sayen tsofaffin ƙarafa, amma ayarin, wanda mota ɗaya ce da mutum ɗaya, zai bi ta koren ƙyaure, domin Umma ta ce 'yarta, mai aikin kantin maganin nan, za ta zo hutun ƙarshen mako. Motar za ta tsaya shiru, labule ba zai san mun zo ba. Zan kashe inji, in sauko, in yi sallama da bakina.

Masu ta'aziyya su zauna a baya. Kada a taɓa kujerar gaba.