Rasuwar Kwamfutar Gidan Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, iyalan Injiniya ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar kwamfutarsu ta kan tebur, wadda ta cika a ƙarshen makon jiya, bayan gajeriyar rashin lafiya da magani mai ƙarfi.

Marigayiyar ta yi shekaru a kusurwar falo, lulluɓe da tsohon zanen gado, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In an kunna ta sai ta yi "tiit" sau ɗaya, fankarta ta ja dogon numfashi, sannan ta buɗe ido a natse. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa cin amanar takarda ba. Ta jure zafi da ƙura, ta kuma jure mai gidanta.

Mai gidan nata tarihi ya karanta a jami'a. Sunan Injiniya ya samo shi ne tun ranar da firintar ofishinsu ta ƙi aiki, ya buɗe ta, ya zuba mata takarda. Daga nan sunan ya bi shi har gida, maƙwabta suka riƙa kawo masa wayoyinsu, shi ma bai taɓa musantawa ba. A gidansa doka ɗaya ce: ba mai taɓa kwamfuta sai da izninsa. Matarsa Maman Yara, wadda ke buga tambayoyin jarrabawar ɗalibanta a kan kwamfutar, sai yana tsaye a bayanta yana cewa a riƙa danna maɓallan a hankali. Ko goge mata ƙura an hana ta, wai tsumma na da danshi.

Ciwon ya fara ne da ziyarar Yaya, wan Maman Yara, wanda ya zo 'yan kwanaki. Bayan cin abincin rana ya leƙa allon, ya ce hoton nan kamar ya ɗan yi dishi-dishi, ta ofishinsu ta fi haske. Injiniya ya yi murmushin manya, ya ce ai ƙaramin abu ne. Dama akwai saƙon da ya daɗe yana fitowa a gefen allo, cewa an samu sabuwar manhaja ta katin hoto, wato ɓangaren da ke fito da hoto a kan allon. Ya danna. Marigayiyar ta haɗiye maganin cikin biyayya, ta kashe kanta don ta sake tashi, amma ba ta buɗe ido ba. Fanka na juyawa, ƙaramar fitila na ci, allo kuwa baƙi ƙirin.

Iyalai na shaida cewa an yi iya ƙoƙari. An kashe an kunna. An zare waya an hura mata iska an mayar. An danne maɓalli har yatsa ya yi fari. An ɗan bubbuga ta a gefe, cikin girmamawa. Injiniya ya ce mai yiwuwa danshi ne, ya dubi Maman Yara, ita kuma ta ci gaba da kwashe kwanuka.

Daga nan ya shiga banɗaki da wayarsa, ya yi bincike a ɓoye. Amsar tana nan a fili. Ciwon ba na mutuwa ba ne. A tashe ta a yanayin lallaɓa, wanda ba ya buƙatar sabuwar manhajar, a cire ta, a mayar da tsohuwar. Aiki ne na haƙuri da danne-dannen maɓalli. Matsalar ita ce dole sai yana karantawa daga waya, mataki bayan mataki, a gaban surukin da ya gyara zama a kujera da kofin shayi a hannu. Injiniya ya auna, ya ga cewa mutumin da ke karatu daga waya bai yi kama da injiniya ba. Mutumin da ke riƙe da sukudireba shi ne ya yi kama.

Saboda haka aka shiga tiyata. Ya buɗe murfin, ya nuna wa Yaya katin hoton, ya bayyana cewa za a cire shi ne a sake zaunar da shi. Bai san akwai ɗan makulli a gindin katin da ake dannawa kafin a zare ba, kuma cikin zumuɗi bai cire wayar wuta daga bango ba. Ya ja, kati ya ƙi. Ya tokare da gwiwa ya ja da ƙarfi. Kati ya fito tare da mazauninsa, wasu siraran ƙarafa na reto a jiki. Marigayiyar ta ce "tas", fankarta ta yi juyi na ƙarshe, wani ƙauri ya cika falon.

Yaya ya kurɓi shayi, ya nuna abin da ke reto.

"Injiniya, wannan ma ana cirewa ne?"

Da matar maƙwabci ta leƙo tana tambayar me ke ƙonewa, Maman Yara ce ta tare ta a bakin ƙofa.

"Wuta ce suka kawo da ƙarfi," in ji ta. Ta juyo ta karɓi sukudireban daga hannun mijinta, ta ce, "Baban Yara, je ka wanke hannu."

Da ta yi faɗa, da ya samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Tun daga ranar yake karɓar jaje a kan laifin wutar lantarki, yana gyaɗa kai. Maƙwabta har sun ce ikon Allah, wutar ta tsallake kowane gida a layin ta faɗa a kan na wanda ya fi kowa sanin abin.

Marigayiyar ta bar allo, wanda aka gwada aka samu lafiyarsa ƙalau tun farko. Ta bar kibod mai gogaggun haruffa, da linzami, wato mawus, da firinta da ta zama marainiya. Ta kuma bar rumbun ajiyarta da rai, tambayoyin jarrabawa na ciki. Maman Yara ta naɗe shi a gyale ta kai makaranta da kanta. Injiniya ya yi tayin raka ta, ta ce ya huta.

Za a miƙa gawar ga masu sayen tsofaffin ƙarafa ranar hutu mai zuwa da hantsi, murfinta a rufe, bisa roƙon mai gidan. Za a karɓi gaisuwa a falo bayan an dawo. An zaɓi wannan rana ce domin a lissafin Maman Yara, Yaya zai riga ya koma gidansa. Sai dai iyalai na sanar da cewa Yaya ya ɗage tafiyarsa. Ya ce bai kamata a yi zaman ba tare da wanda aka cika a gabansa ba, ya kuma roƙi a ajiye masa kujera kusa da ƙofa, inda duk mai shigowa zai fara gaisawa da shi.