Ranar da Ruwan Abalessa Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da tafkin wani lambu a Abalessa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai tsofaffi a Tamanrasset da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Abin ya faru ne a shekarun farko bayan Faransawa sun tattara komatsansu sun bar Aljeriya. Lokacin ina saurayi, ɗan Damagaram, na koyi aikin jinya a gida, na zo nan Tamanrasset ina aiki ƙarƙashin wani lokotoro, wato babban likita, Balarabe daga arewa. An ɗauke ni ne saboda ina jin Hausa da Faransanci, kuma hannuna ba shi da zafi wajen allura. Izinin aikina na baƙo ne, irin wanda ake sabuntawa in an ga dama. In aka janye shi, babu abin da ya rage sai in hau kamiyo, babbar motar kaya, in koma gida, in zauna gaban mahaifiyata in faɗa mata dalili.

Ji da kai kuwa, Allah ya ba ni shi babu awo. Farar rigar aiki ta sha guga, agogo a hannu, gashi an yi masa tsaga (a wancan zamani ina da gashin, kada ku dubi yanzu). Mutane suna ce mini Likita, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba. In na ratsa kasuwa ba na tsayawa cin gyaɗa a tsaye kamar sauran samari, wai kada darajar aiki ta zube.

Wata rana cikin bazara aka tura ni ƙauyen Abalessa yi wa yara lambar agana, ni da shofer ɗinmu mai tuƙa motar aiki. Tun safe nake fama, uwaye na riƙewa, yara na tsala ihu. Dab da azahar wani jariri da na ɗauka don in nuna wa uwarsa yadda ake riƙon yaro a ilmance ya yi mini abin da jarirai suka saba yi, tun daga ƙirji har gwiwa. Ba na ruwa kaɗai ba. Uwar ta ba ni haƙuri tana danne dariya, ni kuma na ce ba komai alhali raina ya gama ɓaci.

Bayan an ci abinci gari ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Na sulale na shiga cikin dabinai neman ruwa. Lambunan can ta ƙarƙashin ƙasa ruwansu yake zuwa, ya taru a wani tafki da aka kewaye da ginin laka da duwatsu. Na same shi cike taf, ya yi kore saboda gansakuka, ga sanyi. Na duba gabas na duba yamma, babu ko akuya. Na tuɓe na wanke rigar da wandon da ɗan kamfai, na nemi inda zan shanya. Can gaba kaɗan, bayan wani kurmin ciyawa, na ga wata 'yar hanya busasshiya mai shimfiɗaɗɗun duwatsu, fes da ita kamar an share. Na ce lallai mutanen nan sun san darajar baƙo, har wurin shanya sun tanada. Na baza kayana a ciki, na dawo da sauri na faɗa ruwa. Abin da ya rage a jikina agogo ne, sai ɗan tawul ɗin da nake goge hannu bayan allura, wanda na ɗora a ka saboda rana.

Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Har waƙa na yi.

Ina cikin haka na ji muryoyi ta bayan ginin. Na nutse zuwa wuya na lafe a kusurwa, na ce masu wucewa ne. Ba su wuce ba. Sai na ji an ja wani abu, sannan wata ƙara ta biyo baya, ƙululu, ƙululu, kamar ana tsiyaye tulu. Ashe a gindin ginin akwai rami da ake toshewa da tsumma da dutse ta waje. Ashe kuma wannan kyakkyawan wurin shanya nawa shi ne hanyar da ruwan ke bi zuwa lambuna. Na ɗan leƙa ta saman gini, sai ga farar rigata ta ɗauki hanya, wando na biye da ita, sun tafi ban ruwan albasa.

Cikina ya ɗuri ruwa, na tafkin kuma yana raguwa. Daga wuya ya sauko kafaɗa. Na durƙusa. Ya sauko ƙirji. Na zauna daɓas cikin taɓo. Na shiga addu'a Allah ya sa su toshe ramin su tafi. Abin da ban sani ba shi ne, ruwan nan na tarayya ne, kowane mai lambu da alamarsa a jikin gini ta ciki. In ruwa ya sauka zuwa alamar wane, sai a juya shi zuwa lambun wane. Wato dole duk masu rabo su zagayo su tsaya a bakin tafki, su zuba wa cikinsa ido, don kada a cuci kowa. A duk faɗin Abalessa babu wurin da ake kallo da natsuwa irin wanda na zaɓa in yi wanka.

Suka zagayo. Dattawan Buzaye ne cikin manyan riguna, kowa ya naɗa rawani ya ja amawali har ƙarƙashin ido. A gabansu Tsoho Ghali, babban dattijon wurin, wanda ya yi fatauci zuwa Agadas tun yana saurayi, Hausa a bakinsa kamar ɗan gida. A bayansu kuma (nan ne na so ƙasa ta tsage) mata ne ɗauke da salkuna, cikinsu har da uwar jaririn nan.

Ruwa ya iso cibiya. Lissafi ya zo mini da sauri, irin na mai ilimi. Tawul ɗaya gare ni, kuma bai fi tafin hannu biyu ba. Wuri ɗaya zai rufe. In na rufe ƙasa, kowa ya ga fuskar Likita, magana ta ƙare. In na rufe fuska, jiki ai duk jiki ne, za a ce wani mahaukaci ne ya ɓullo daga hamada. Na yaba wa kaina wannan basira. Na ɗaure tawul a fuska na bar ido kaɗai, na miƙe tsaye zindir haihuwar uwata, na taka gini na fito, na kama hanyar kurmi da tafiyar wanda bai san kowa ba.

Ban yi nisa ba na ji murya a natse.

"Likita, ina wuni?"

Tsoho Ghali ne. Na ƙame. Kafin in yi tunani na biyu, sauran suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, masu Hausa da Hausa, marasa ita da harshensu, kowa da "Likita" a bakinsa.

A nan tsaye, ruwa na ɗiga daga jikina, na gane girman wautata. Na rufe fuska don kada a gane ni, a ƙasar da namiji ke rufe fuska tun ranar da ya balaga har ya shiga kabari. Mutanen da za su hango mutum a kan raƙumi daga nesa su faɗi sunansa da na kakansa. Da tafiya suke gane mutum, da kafaɗa, da yadda yake jefa ƙafa. Fuska ba ta cikin lissafinsu ko kaɗan. Ga kuma agogo yana ƙyalli a hannuna, wanda babu irinsa a garin.

Kuma kun san abin da na yi? Na amsa. Tarbiyyar gida ta ci amanata.

"Lahiya lau, Baba," na ce ta cikin tawul.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya aiki? Ya zafi? Ya baƙunta?"

Bai tsallake ko ɗaya ba. Idonsa na kan goshina, bai sauka ba ko sau ɗaya, muryarsa kamar mun haɗu a ƙofar masallaci. Matan sun juya baya, amma ina ganin kafaɗunsu na rawa. Sai da ya tambayi lafiyar lokotoro da ta mutanen Damagaram, sannan ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙo mini. Rigata kuwa a lambu na uku aka tsamo ta. Ɗan kamfai har yau ba a gan shi ba.

Na roƙi shofer don girman Allah ya riƙe bakinsa. Ya rantse. Washegari a Tamanrasset da na fito, Alhaji Mati, ɗan Maraɗi mai kanti wanda nake haya a gidansa, ya tare ni a zaure yana shan shayi.

"Likita, an ce ka yi wa mutanen Abalessa wa'azin tsabta," ya ce. "An ce har da nuni."

"Alhaji, tsautsayi ne."

"Ni abin da ban gane ba guda ne, ɗana. Mi huskar taka ta yi da ka ɓoye ta? Ita ai mun saba da ita."

Kafin azahar lokotoro ya kira ni buro, wato ofishinsa. Mutum ne marar wasa, ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya ce maganar ta kai kunnen manya. Ya ce dokar aiki ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya kiyaye mutuncinsa, kuma wanda ya yi yawo tsirara gaban matan mutane ba a ba shi allura ya shiga gidajensu. Na tattaro sauran ƙarfin halina na ce lokacin hutuna ne, ba a bakin aiki nake ba, kuma abin da mutum ya yi da jikinsa bayan ya tuɓe rigar aiki nasa ne.

"Su da suka gan ka, da wane suna suka kira ka?" ya tambaya.

"Likita," na ce.

"To ka gani. Kai ka tuɓe rigar, su ba su tuɓe maka ita ba."

Ya yanke cewa zai bi ni Abalessa da kansa a zagaye na gaba. In mutane suka ƙi hannuna, izinina ya ƙare. Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Na tsorata ƙwarai. Na riƙa shirya ƙaryar da zan yi wa mahaifiyata, kowacce na gwada sai in ji ba za ta karɓu ba.

Ranar da muka je, aka shimfiɗa mana tabarma a gindin dabino. Tsoho Ghali ya zauna da dattawansa, yana ta tari. Lokotoro ya tambaye shi kai tsaye ko abin da na yi ya zubar mini da mutunci a wurinsu. Ni ne tafinta (ku duba wannan azaba, mutum ya fassara shari'ar tsiraicinsa da bakinsa).

Tsohon ya gyara amawali ya ce, "Gaya masa, tun da yaron nan ya fara zuwa garinmu yake zama gaban dattawa baki buɗe, hanci buɗe. Yana tauna muna gani, yana hamma muna gani. Mun yi haƙuri, mun ce baƙo ne. Ba mu ji buro ta kira shi a kan wannan ba. Ranar nan kuwa ruwa ya ci kayansa, abin da kan iya samun kowa. Allah ya bar masa ƙyalle ɗaya, ya ga manya, ya rufe bakinsa. Mu a ranar muka san ɗan mutunci ne."

Na fassara kalma da kalma. Ban ga dalilin gyara masa fahimta ba, kuma har ya rasu ban gyara ba. Lokotoro ya dube ni, ya dubi tsohon, ya ciro hankici ya toshe bakinsa kamar mai tari. Sai da ya natsa ya ce magana daban, aiki daban, shi so yake ya gani da ido.

Ya gwada ƙirjin Tsoho Ghali ya ce yana buƙatar allura, irin wadda ake yi a ɗuwawu. Nan na ce tawa ta ƙare, don dattawan can ba sa yarda da ita. A dantse ko a fasa, haka muke fama da su kullum. Tsohon ya dubi lokotoro ya girgiza kai. Sannan ya nuna ni.

"Wannan zai yi. Shi mun ga nasa, babu sauran nauyi tsakaninmu."

Muka zaga bayan dabino. Ya sassauta mazagin wando da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya danne amawali gam a kan hanci, kada ya zame in ga abin kunya. Kafin in tafasa allura ta biyu, wasu tsofaffi da suka shekara suna gudunmu sun yi layi. Lokotoro ya sabunta izinina a makon, da sharaɗi ɗaya: kada in sake kusantar ruwan da ya fi buta yawa.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Mai irin aikinmu ba shi da lokacin hutu a idon jama'a, ko a cikin ruwa Likita ne. Sannan in ka sauka baƙon wuri, kafin ka tambayi inda ake kwana da inda ake cin abinci, fara tambayar wane gefen jiki suke jin kunya. Ni dai sa'a na ci, na rufe daidai bisa kuskure.