Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina

Akwai kunyar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko daka nake yi in ta faɗo mini a rai sai na aje taɓarya na rufe fuska. Zamanin soja ne, ina da ƙuruciyata, muna zaune a wani ƙauye kusa da Filinge. Ɗana na fari shan inna ta kama shi tun yana rarrafe, ta bar shi da ƙafafu kamar sillen kara. Ya kai shiga lakkwal, yaro ga kai, amma makarantar tana ƙauyen gaba, ba kuma mai goya shi kullum. Sai mai gari ya sa aka yi shela: ranar kasuwa za a rubuta yara naƙasassu a Filinge, gwamnati za ta ba su keke mai ƙafa uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Aka haɗa da kashedi cewa kekunan kaɗan ne, kuma duk wanda aka kama ya aro ɗan wani, wurin jandarma zai kwana.

Maigidana yana can Abijan neman kuɗi, takardun gidan duk suna aljihunsa. Sai muka hau amalanken jaki, ni da yaron da uwar mijina, Inna.

To ni Allah ya yi ni da zargi. In maƙwabciya ta gaishe ni da fara'a fiye da ta jiya, sai na je na leƙa rumbuna. Muna isa biron, wato ofishin da ake rubuta yaran, na ga layi har bakin hanya, nan take na fara tantance mutane da ido, wannan na gaskiya, wancan ɗan damfara. Idona ya tsaya kan wata Bafulatana da ke gabanmu, da yarinya gurguwa a gefenta. Ko kallon yarinyar ba ta yi. Yarinya ta nemi ruwa, ta tura mata gora fuskarta tana wani wajen. In za ta yi mata magana sai dai "ke". Na ce a raina, wace uwa ce haka? Wannan aro ta yi, kuma kekenmu za ta ɗauke. (Ku riƙe dariyarku, na san kun riga ni gane abin da ni ban gane ba.)

Na lallaɓa wurin mai tsaron ƙofa kamar zan tambayi makewayi. Na ce masa ƙasa ƙasa, "Malam, ku dai buɗe ido. Akwai masu ɗiyan aro cikin layin ga." Na nuna masa ita da haɓa. Ya shiga ya raɗa wa mushe, wato ma'aikacin da ke rubutu, ni kuma na dawo na zauna ina jin na yi wa ƙasa aiki.

Da layi ya zo kanta, muna jin komai ta taga. Mushe ya tambaye ta ko ɗiyarta ce, ta yi shiru. Ya tambayi sunan yarinyar, ta ja mayafi ta rufe baki. Ya nuna mata wani benci kusa da jandarman da ke gadi, ya ce ta jira can. Na taɓa Inna na ce, "Kin gani ko? Ni idona ba ya ƙarya."

Sai aka kira mu.

Mushe ya ɗago kai ya ce, "Wanga yaro ɗanki na?"

Kun dai san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, balle a gaban suruka. Tun da na haife shi, "kai" nake ce masa, shi kuma Yaya yake ce mini. Abin da na gani wurin Bafulatana na kai tsegumi, shi nake yi safe da yamma a gidana.

Na ce, "Yaron gidanmu na."

"Ban tambayi gida ba. Mi as sunanai?"

Na dubi Inna ta cece ni. Ina! Sunan marigayi mijinta aka sa wa yaron, ita ma shekara da shekaru bai taɓa fita bakinta ba. Ta ce, "Mushe, mai sunan Malam na." Yaron ya buɗe baki zai faɗi da kansa, mushe ya ɗaga masa hannu.

"Ni ma uwa ta haihe ni, na san kunya," in ji shi. "Amma yanzun ga anka hwaɗa mini akwai masu aro, kuma duk mai aro bayan kunya take ɓuya. Ku tahi benci."

Haka na je na zauna kafaɗa da kafaɗa da matar da na kai ƙara. Ta matsa mini wuri, ta dube ni da tausayi, ta ce, "Ke ma na hwarinki na?" Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Rana ta karkata, layi ya ƙare. Na ga mushe yana tattara takardunsa. Yaron bai yi kuka ba, ya dai jawo jiki zuwa ƙofa yana kallon keken da aka kafa a tsakar biron don mutane su gani. Tsoron jandarma ya bar ni, sai wani tsoron ya kama ni, kada in mayar da yaron gida ya ci gaba da jan gwiwa a ƙasa saboda bakina ya yi nauyi.

Na miƙe. Niyyata in faɗa a hankali, amma muryar da ta fito har masu awon hatsi a bakin hanya sai da suka waiwayo.

"Hamidu! Sunanai Hamidu! Ɗana na, ni na haihe shi, wallahi ni na haihe shi!"

Inna ta toshe kunnuwa ta kama salati, sannan ta maka mini mafici a baya. Jandarma ya juya yana dariya har hularsa tana rawa. Mushe ya dubi Inna, ya sake buɗe takardunsa, ya ce ba a yi wa ɗan aro irin wannan salatin. Bafulatana ta ga dai na riga na zubar mana da mutunci gaba ɗaya, ta matsa kusa da tebur ta faɗi sunan tata ɗiyar kamar mai raɗa. Aka rubuta su duka biyu, kuma bayan girbi keken ya iso. Ban taɓa gaya mata ni ce na kai ta ba, na dai cusa mata ƙullin goro a hannu, ta yi ta godiya, ni kuma ina neman inda zan nutse.

A hanyar gida Inna ta juya mini baya. Sai da muka wuce gonakin gari yaron ya matso ya kama bakin zanena.

"Yaya," ya ce, "ashe kin san sunana?"

Tun daga ranar, in na ga wata tana yin abin da ban yarda da shi ba, kafin in nemi mai tsaron ƙofa sai na fara duba ko ni ma abin da nake yi ke nan. Sau da yawa kuwa shi ne.