Nomau Malamin Riƙon Ƙwarya

A garinmu, Tudun Gawo, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Su uku ne a gida: shi, da yayarsa Tasalla mai fura, da wani tsohon jaki da ya ɗan fi shi wayo. Nomau ba mahaukaci ba ne. Ya gama firamare, yana karatu yana rubutu. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Makarantarmu aji shida ce, malamai biyu: hedimasta Malam Ilu da Malama Kande. Malama ta tafi hutun haihuwa, sai ga takarda daga ƙaramar hukuma cewa sufeto zai zo ƙarshen wata. In ya tarar da azuzuwa ba malamai, za a rufe makarantar a mayar da yara ta hayin rafi. Kowa ya san da damina ba yaron da ke haye rafin nan. Malam Ilu ya nemi mai taimako ya rasa, sai Nomau.

Wata rana ya kira shi ya ce ya zo gobe, zai zama malamin riƙon ƙwarya kafin Malama ta dawo. Da safe sai ga Nomau da ƙwaryar furar Tasalla. Ya tsaya gaban aji ya riƙe ta hannu biyu. Yara suka ce ya rubuta musu darasi, ya ce su ma suna gani, hannunsa ba sarari. Can Tasalla ta biyo sawu tana faɗa, masu sayen fura na jiranta. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Sai Malama ta yi arba'in."

Wata rana aka ce sababbin malamai su je hedikwata a ba su horo na kwana biyu. Nomau ya tambaya laifin me ya yi. Malam Ilu ya ce ba laifi, kowa sai an yi masa. Nomau ya saka wando uku, ya cusa buhu a bayan riga, ya nemi gafarar Tasalla, ya tafi. Mai ba da horo ya shigo ya same shi kwance rub da ciki a kan benci, ya tambaye shi ko ciki ne ke ciwo. Nomau ya ce, "A fara da ni, ranka ya daɗe, in huta." A can aka koya musu cewa malami ya riƙa saukowa daidai da yara. Da ya dawo, mako guda yana koyarwa a tsugune. Yaran baya ba sa ganinsa, sai dai murya daga ƙarƙashin tebur.

Wata rana Malam Ilu ya yi ƙorafi cewa 'yan aji uku ba sa ɗaukar darasi. Nomau ya cika allo da rubutu, ya sauke shi daga kan katakonsa, ya ɗora wa yara huɗu a ka. Suka zaga makaranta, sauran na bin su da tafi. Ya je ofis yana haki ya ba da rahoto: sun ɗauka, har gindin kuka suka kai shi suka dawo.

Wata rana, ranar da sufeto zai zo, Malam Ilu ya yi tagumi a bakin ofis ya ce, "Nomau, da zan sami malamai huɗu kafin hantsi, da makarantar nan ta tsira." Ranar kasuwa ce. Nomau ya shiga ya kasa kunne. Duk wanda ya ji an ce masa "Malam", sai ya kama hannunsa ya ce hedimasta na nemansa yanzu-yanzu. Haka ya jawo Malam Gambo mai shayi, da Malam Sale tela da tef a wuya, da Malam Buba mai faci. Malam Ilu ya buɗe baki zai yi zagi, sai ga motar sufeto. Ba lokaci. Ya tura su azuzuwa, kowa da nasa.

Sufeto ya zaga. Ya tarar da tela na koyar da awo, mai shayi na koyar da Turanci, yara sun yi tsit. Ya tambaye su inda suka koyi aikin. Ashe su biyun sun gama kwalejin horon malamai tun shekara takwas, takardunsu na cikin akwati, aiki bai samu ba. Mai faci ma ya gama sakandare. Mu da muke shan shayin nan kullum, ba wanda ya taɓa tambaya.

Sufeto ya rubuta sunayensu. Sannan ya ce ya ga aji biyar da malami, ina na shida? Nomau ya ce yana tare da shi. Ya zaro gwangwanin madara daga aljihu, ya cire tsumman da ya toshe bakin. Malam-buɗe-littafi ya fito, ya kaɗa fiffike, ya fice ta taga.

Sufeto ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya ce ba shi ne malami na farko da aka kawo ƙauye ya gudu ba. Ya sa hannu a takarda. Makarantar tana nan har yau.