Famfonmu Ya Kwana da Bargo

Da sanyi ya kankama a Gummi, na ga bidiyo a waya: wai a ƙasar Turawa ruwa kan daskare a famfo har bututu ya fashe. Ni da Allah ya hore wa hangen nesa, sai na ɗauke bargon Inna na naɗe famfon tsakar gida tamau, har ina gargaɗin maƙwabta.

Da safe Inna ta fito tana makyarkyata.

"Ɗan ga, ni uwarka in kwana da zane guda, ƙarhe shi kwana da bargo? Bar shi shi daskare, mu huta da sayen ƙanƙara!"

Har yau in na ratsa majalisa, sai a tare ni da fuskar jimami: "Malam, ya jikin famfo? Ya dai samu barci?"