Baturen da Ya Sunkuya wa Silvanus

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Kai ne mijin da ya hau jirgi da rigar wanka ya dawo ko sabulu babu?"

Silvanus ke nan a ƙofar kakarsa Emilia a Kafanchan, ko jaka bai sauke ba. Gasar kokawar judo ta duniya ya je, yana can kakansa Azariya ya rasu. Tsohuwar nan kuwa ta hana kowa gaya masa har aka binne. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma wa ya isa ya yi fushi da Kaka Emilia?

"Ke da babu haƙori, me zan sayo miki? Tsohuwa mai ɓoye mutuwa kamar daddawa a tukunya."

"In gaya maka ka yi ta kuka a gaban Turawa, majina har ƙirji?"

Ya ce ai sai ya sake ta ya auri 'yar garin Gidan Waya. Ta ce ya gaggauta, ita ma ta gaji da miji mai ɗaura ɗamara ba adda.

Sai ta sassauta murya. Ta ce kafin ya rasu, tsohon ya kalli faɗan a wayar maƙwabci, yana kwance. Idonsa ba ya gani sosai, amma ya ga ƙaton Baturen da suka kara da Silvanus ya miƙe ya sunkuya wa jikansa. Nan take ya sa aka kira dattawan coci, wai jininsa ya sa Bature durƙuso. Daga ranar bai ƙara kukan ciwo ba.

Silvanus ya zauna a ƙasa.

"Kaka, gaisuwa ce. Kowa yana yi bayan wasa. Ni aka kayar, zagayen farko."

"Na sani, raggo. Ni idona lafiya, na ga bayanka ya sha ƙasa. Shi ne bai sani ba."

"Ba ki gaya masa ba?"

"In gaya masa me?"

Ta shiga ɗaki ta fito da hular aikin jirgin ƙasa ta marigayin, ta kifa masa a kai.

"Ya ce a ba wanda ya ci. Sai ka je kabari ka mayar masa."

Silvanus ya yi dariya, hawaye na zuba.

"Kin kayar da ni, Kaka. Ba zan mayar ba."