Yadda Aka Gwada Bayanin Rifkatu a Kan Nomau

Abin ya fara ne ranar Talata, sha huɗu ga Yuli, da ƙarfe tara da kwata na safe, sa'ad da Rifkatu, 'yar ƙanwata, ta sauko daga mota idanunta jajur. A Kaduna take aiki, a wani kamfani da ke ƙera na'ura mai hira da mutane ta waya. Sun yi wa na'urar wani abu kamar rumbu, inda take ajiye abin da aka taɓa faɗa mata. Aikin Rifkatu shi ne ta rubuta bayanin da na'urar za ta karanta, ta san yaushe za ta buɗe rumbun da abin da za ta ɗebo. Shugabanta, Injiniya Shekarau, ya ce bayanin bai fita ba, in kuma ba ta gyara kafin ƙarshen wata ba, ta nemi wani aikin.

A maƙwabtanmu akwai Nomau. Ya kusa arba'in, bai yi aure ba, yana zaune da uwarsa Inna Tambai da jakinsu guda, wanda ya fi su duka ƙiba. Nomau ba ya manta maganar da aka yi a gabansa komai daɗewarta, kuma abin da aka ce ya yi shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Ni na kawo shawarar a gwada bayanin a kansa, domin a makarantar mishan an koya mana cewa umarni bai cika ba sai wanda ba ya zato ya iya binsa. Inna Tambai ta yarda, da sharaɗin a riƙa ba shi abincin rana.

Wata rana Rifkatu ta karanta masa jimlarta ta farko: in an tambaye ka, ka tuno abin da aka faɗa. Ta tambaye shi me aka ce game da rijiyar coci. Nomau ya gyara tsayuwa, ya fara daga ranar da aka haƙa ta yana yaro. Ya kawo gaisuwa, ya kawo tari, ya kawo atishawar marigayi mai wa'azi. Ta shiga wanka, ya tsaya bayan zana yana ci gaba. Har la'asar bai iso shekarar da guga ya faɗa ciki ba. Rifkatu ta ƙara a bayanin cewa maganar ƙarshe kawai za a kawo.

Wata rana Inna Tambai ta tashi da tari, ta manta yadda malamin asibiti ya ce a sha maganin. Rifkatu ta ce wa Nomau ya tuno abin da aka faɗa game da shan magani, ya taimaki uwarsa. Maganar ƙarshe da ya ji a kan haka kuwa ta malamin dabbobi ce, da ya zo duba jakin. Muna zaune sai muka ji ihun tsohuwa. Muka tarar ya ɗaure mata ƙafafu da igiya, yana neman wanda zai riƙe kunne.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ƙafa huɗu aka ce, biyu na samu."

Rifkatu ta ƙara cewa sai ya fara faɗin wanda ya yi maganar da ranar da ya yi ta.

Wata rana matan zumunta na coci suna shirin karɓar baƙi, suka tsaya ƙofar coci suna tambayar juna wa aka ce zai yi miya. Nomau yana wucewa da jaki, ya tsaya, ya sanar da su cewa ranar Litinin a bakin rijiya Maman Fasto ta ce miyar Tabita ko kare sai ya yi addu'a kafin ya lasa. Tabita tana wurin, da ludayi a hannu. Baƙin sun ci tuwo da miya iri biyu, daga tukwane biyu da aka girka nesa da juna. Rifkatu ta rubuta cewa kada ya buɗe baki sai in shi aka tambaya.

Wata rana Ɗanjuma magini ya hau rufin coci, wanda ke ƙetaren rafi, wani ya zo ya ari tsanin. Ɗanjuma ya ce wa Nomau ya je gari ya tuna wa mutumin ya dawo da tsanin. Nomau ya zo gari ya zauna kan turmi. Aka yi ruwa, aka ɗauke, aka sake yi. Da yamma matar Ɗanjuma ta zo tana cigiya, ta tambaye shi ko ya ga maigidanta.

"Yana kan coci tun safe," in ji Nomau. "Ba wanda ya tambaye ni."

Aka sake ƙara jimla a kan abin gaggawa. Kafin ƙarshen wata bayanin ya cika shafi biyu, Rifkatu kuma ta rufe shi da cewa kowace tambaya dole ta sami amsa.

Wata rana, wadda ita ce ta ƙarshe, Injiniya Shekarau ya kira ta waya mai hoto don ya ga gwajin da idonsa. Rifkatu ta karanta wa Nomau bayanin duka. Injiniya ya gaishe shi, sannan ya tambaye shi me ya gaya masa makon jiya game da motarsa, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Nomau ya dubi wayar. Ya shiga ɗaki, ya fito da takalmi da gorar ruwa, ya kama hanyar bakin titi. Rifkatu ta bi shi da wayar, ta riga ta fara hawaye, tana tambayarsa ina za shi.

"Kaduna. Bai faɗa mini ba tukuna. In ya faɗa, sai in dawo in tuna muku."

Injiniya ya yi dariya har wayar ta karkata. Ya ce ya yi wa na'urarsu wannan tambayar, ta ce masa motarsa ja ce kuma tayarta ta baya tana son canji, shi kuwa babur yake hawa. Ashe jimlar dole ɗin nan, wadda kowa a ofishin yake rubutawa, ita ke sa na'urar ƙirƙira. Ya ce Rifkatu ta soke ta, ta rubuta: in ba a faɗa maka ba, ka ce ba a faɗa maka ba. Ya ce kuma yana jiranta a ofis ranar Litinin. Ana cikin murna ba wanda ya ce wa Nomau ya tsaya, sai a Mararraba mai babur da muka tura ya cim masa.

Rifkatu ta koma ranar Lahadi bayan sujada a coci. Waɗanda suka rage su ne Inna Tambai, da tarinta ya tafi, jakin, Ɗanjuma, da mura, Tabita da Maman Fasto, kowacce a bencinta, Nomau, da ni, da na fara manta sunayen waɗanda muka yi makaranta tare. Kowace safiya nakan kira Nomau in faɗa masa suna ɗaya, ya ajiye mini.